Hannuna Ne Ya Buɗe, Wani Aka Kama

Ina da wata sha'awa da ba na yawan faɗa wa mutane, domin duk wanda ya ji sai ya ɗan ja da baya ya sake dubana. Ina son kwaɗo. Ina son sanin yadda cikinsa yake, in kuma buɗe shi ba da makullinsa ba, da 'yan ƙarafan da na goge da hannuna. Aikina na albashi daban ne, kuma ban taɓa karɓar ko sisi a kan wannan ba. Amma da wannan sha'awa na jawo wa wani bawan Allah ƙazafin sata a nan Ushafa. Ya rasa sana'arsa, ya rasa mutuncinsa, ni kuwa na kama bakina a lokacin da kalma ɗaya daga gare ni za ta wanke shi.

Abin ya samo asali tun ina yaro a Zariya. Akwai maƙera a bayan gidanmu, in an tashi daga makarantar allo can muke zuwa mu karɓi zuga-zugi. Maƙerin dattijo ne mai ƙera fartanya da lauje, amma yana da wata tsohuwar tasa da yake tara matattun kwaɗuna a ciki. Wata rana ya fasa ɗaya ya zazzage cikinsa a tafin hannuna. Na ga 'yan mitsi-mitsin ƙusoshi na tagulla da sirararan sifirin, na kasa yarda cewa waɗannan ne ke tsare dukiyar mutane. Tun daga ranar abin bai bar raina ba.

Yawancin kwaɗunan da ke kasuwanninmu, daga Kurmi ta Kano har Dei-Dei da ke nan kusa da mu, tsari ɗaya suke bi, wanda wani Ba'amurke, Linus Yale ƙarami, ya yi wa rajista a 1861 da 1865, a kan aikin da mahaifinsa ya fara. A ciki akwai dunƙulen ƙarfe mai juyawa, nan makulli ke shiga. A samansa ramuka ne a jere, galibi huɗu zuwa shida, kowane rami da ƙusa biyu, ɗaya a kan ɗaya, sifirin yana danne su. Tsawon ƙusoshin ba ɗaya ba ne. Haƙoran makulli su ke ɗaga kowace ƙusa daidai yadda mahaɗar biyun za ta zo bakin dunƙulen, sai ya sami sararin juyawa. Makullin da ba nasa ba zai ɗaga wata ta zarce, wata kuma ta gaza. Abin da ke ba mai buɗewa dama shi ne babu injin da ke huda ramukan nan daidai wa daida. Kullum akwai ɗan saɓani da ido ba ya gani amma yatsa yana ji, kuma a kwaɗo mai arha saɓanin ya fi yawa. Nan zan tsaya da bayanin, kuma da gangan na tsaya.

Kayan aikin ni nake yin abina. Guntayen ƙarfe nake saye a wurin 'yan gwangwan, in zauna da magagari da samfefa bayan isha'i in yi ta goga har sai ya yi yadda nake so. Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane daɗin abin ba. Aiki ne na haƙuri da sauraro, hankalinka gaba ɗaya ya tattaru a kan yatsa biyu, ka manta da gajiyar ofis da cunkoson hanyar Dutsen Alhaji. Kuma ba ni kaɗai ba ne a duniya. A Jamus an kafa ƙungiyar masu wannan wasa a birnin Hambog tun 1997, a Holan akwai ƙungiyar TOOOL, suna taruwa har da gasa. Duk inda suke, ƙa'ida biyu suke fara koya wa sabon shiga: kada ka taɓa kwaɗon da ba naka ba sai da izinin mai shi, kuma kada ka yi wasa da kwaɗon da ake dogaro da shi wajen tsaro. Na san ƙa'idojin nan sarai. Har faɗa wa abokaina nake yi in sun tsokane ni da cewa ina koyon sata.

Ushafa gari ne na Gbagyi a ƙaramar hukumar Bwari, a gindin duwatsu, dab da madatsar ruwa ta Usuma wadda ke shayar da birnin Abuja. Duniya ta san sunansa ne ta hanyar tukwanen da matan garin ke ginawa, da kuma ziyarar da shugaban Amurka Bill Clinton ya kawo a watan Agustan 2000. Amma Ushafar da muke kwana muke tashi a ciki garin 'yan haya ce. Tun da gwamnati ta tare a Abuja a Disambar 1991, sannan rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007 ya turo jama'a zuwa gefen birni, garuruwa irin namu suka cika da baƙi: ƙananan ma'aikata, teloli, 'yan acaba, magina, 'yan garuwa. Gidajen ɗakuna ne a jere suna kallon juna, kowace ƙofa da kwaɗonta. Sau da yawa mai gidan ba ya ma garin, wakili yake sa wa ya karɓar masa haya. Mutum daga Funtuwa, maƙwabcinsa daga Otukpo, na gaba daga Bida, babu wanda ya san uban wani. A irin wannan zama abu biyu ke riƙe da amincin mutane: kwaɗon da ke ƙofa, da maƙwabcin da aka bar wa makulli na biyu.

Sunana ya fara fita ne ranar da wata maƙwabciyarmu ta kulle kicin da tukunya a kan wuta, yaronta kuma ya tafi makaranta da makullin a aljihu. Na buɗe mata. Daga nan sai ɗakin ajiyar tabarmi na masallaci, sai akwatin wani tsoho, sai shagon wani da makullinsa ya faɗa kwata. A duk waɗannan mai abin yana tsaye a kaina. Aka fara ce mini Malam mai kwaɗo, kuma ina jin daɗin sunan. Ina jin daɗin yadda mutane ke yin shiru su zuba ido, da kabbarar da ake yi in ƙarfen ya saki. Wannan jin daɗin shi ne ƙofar da aka shigo mini ta ita.

Wata rana ina hutun aiki, da hantsi, wakilin wani gidan haya da ke layinmu ya yi sallama da ni. Mutum ne da muke haɗa sahu da shi, ya girme ni, ban taɓa jin wani abin assha a kansa ba. Ya ce, “Malam, don Allah taimako za ka yi mini. Telan nan na ɗakin ƙarshe ya yi tafiya ya daɗe, wayarsa ba ta shiga, ga bashin haya a kansa. Ɗakin yana yoyo, ruwan har ya fara bin bango zuwa na kusa. So nake kafinta ya duba silin kafin damina ta yi nisa.”

Tambaya ɗaya na yi masa. Na ce me ya hana a fasa kwaɗon? Ya ce ba ya son ya yi wa bawan Allah asara, kwaɗon mai tsada ne, in an buɗe lafiya sai a mayar masa da abinsa yadda yake. Maganar ta yi mini kama da tausayi. Na ɗauko kayana na bi shi.

Gidan babu kowa. Maza sun fita nema, mata sun tafi kasuwa, yara suna makaranta. Wannan kaɗai ya isa ya tsayar da ni, domin mai gaskiya da zai shiga ɗakin wani lokacin da jama'a ke nan yake zaɓa. Ban nemi lambar telan in gwada da kaina ba. Ban tambaya ko ya bar wa wani makulli ba, alhali na san al'adar gidajen nan. Ban ce a kira mai gidan ba, ban ce a sanar da mai unguwa ba, ban ma leƙa ɗakin kusa na ga yoyon da ake magana ba. Abin da ke raina a lokacin shi ne kwaɗon irin wanda ban taɓa gwadawa ba ne, ina son in ga ko zan iya. Na iya. Wakili ya yi godiya, ya ce in tafi abina, zai jira kafinta ya rufe. Na koma gida ina murna.

Telan ashe jinyar mahaifiyarsa ya tafi, a wani ƙauye da babu sabis, kuma Allah Ya yi mata rasuwa. Sai da aka yi sadakar arba'in ya dawo. Ya tarar da kwaɗonsa a rufe, babu ko ƙwarzane. Ya sa makullinsa ya buɗe. Kan keken ɗinkinsa babu, keken da yake aikin wuya da shi babu, jakar shaddodin mutane da aka kawo masa ɗinki ita ma babu. Taga lafiya, silin lafiya, ƙofa lafiya.

Makulli na biyu yana hannun wani saurayi ɗan garuwa, ɗan garinsu, wanda telan ya riƙe tamkar ƙane. Shi ke cika masa duro, kuma in ruwan sama ya yi ƙarfi a ɗakin yake fakewa ya kwana. Babu wanda ya tsaya dogon tunani. Kowa magana ɗaya yake yi, a bakin masallaci, a teburin mai shayi, a wurin masu faci: “Kwaɗo lafiyarsa ƙalau. To wa ke da makulli?” Aka kama yaron. 'Yan sintiri suka dake shi kafin a miƙa shi ga hukuma, ya yi kwanaki a tsare, sai shugaban 'yan garuwa ne ya yi belinsa. Ya yi rantsuwa iya rantsuwa, ba wanda ya saurara.

Sai mutum ya san sana'ar garuwa zai gane girman abin da ya same shi. A unguwarmu gidaje da yawa ba su da famfo, ɗan garuwa ke turo kura daga rijiyar burtsatse, ya shiga har tsakar gida, har bakin kicin, a lokacin da maigida ba ya nan. Jarinsa duka yarda ce. Daga ranar da aka ce ya yi sata babu gidan da ya sake buɗe masa ƙofa. Mai kurar da yake haya a wurinsa ya karɓe abarsa. Bai daɗe ba ya bar garin.

Ni tun daren farko na gane. Ina zaune a teburin mai shayi aka kawo labarin, aka ambaci ɗakin ƙarshe, na ji cikina ya ɗuri ruwa. Kuskurena na farko ganganci ne da son a yaba mini. Na biyun ya fi muni, domin da sanina na yi shi. Na yi shiru. Na ji tsoron a ce ga kayan fasa gida an samu a hannun ma'aikaci. Na ji tsoron aikina, da sunan 'ya'yana a makaranta, da cewa duk satar da aka taɓa yi a unguwar za a tattaro a ɗora mini. Na sami wakilin a keɓe, na ce masa, “Yaya, yaron nan fa ba shi ya ɗauka ba, ni da kai mun sani.” Ya dube ni ya ce, “Malam, in ka buɗe baki kai za a fara kamawa. Wa ya buɗe ƙofar?” Na rasa amsa. Na koma gida na ci gaba da zuwa aiki, ina gaisawa da telan a hanya, har ta'aziyyar mahaifiyarsa na yi masa. Makonni suka wuce a haka.

Na riƙa lallashin kaina da cewa ai an saki yaron, ai magana ta mutu, ai ban ɗauki ko allura ba. Amma na san hukuncin ɓoye shaida, yana nan a aya ta 283 cikin Suratul Baƙara, kuma tun muna yara aka karantar da mu. Uwargidana ce ta karya shirun ba tare da ta sani ba. Wata safiya tana ƙorafin ruwa ta ce ita har yanzu zuciyarta ba ta yarda yaron nan ɓarawo ne ba, shekara da shekaru yana shiga gidanmu ko cokali bai taɓa ɓata ba. Na zaunar da ita na faɗa mata komai. Ta daɗe ba ta ce uffan ba. Sannan ta ce, “Malam, to me kake jira? Shi ma fa ɗan wasu ne.”

Na fara zuwa wurin liman, shi ya raka ni wurin mai unguwa. Aka kira telan, aka kira wakili, aka kira shugaban 'yan garuwa da dattawa biyu na gidan. Na ajiye ƙarafan a kan tabarma na ce, “Ranka ya daɗe, ni na buɗe ɗakin, da waɗannan.” Wasu ba su yarda ba sai da aka kawo kwaɗon na buɗe a gabansu. A wannan karon ba wanda ya yi kabbara. Mai unguwa ya tambaye ni, “Da ka buɗe, wa ya gani?” Na ce babu kowa. Ya ce, “Wa ya ba ka izini?” Na ce wakili. Ya ce, “Ɗakin wakili ne?”

Wakilin ya yi musu da farko, daga baya ya amsa. Ya ce da niyyar jingina ya kwashe kayan, don ya tilasta wa telan biyan haya, sai wata buƙata ta taso masa ya sayar da kekunan. Da ya ga an taru ana kiran sata, sai ya kasa fitowa. 'Yan'uwansa suka ɗauki nauyin biyan kekunan, ni na ɗauki na shaddodin mutane, na biya a hankali daga albashina. Mai gidan, da labari ya kai masa, ya ce shi bai aiki kowa ba, ya sauke wakilin. Telan ya zaɓi a tsaya a sulhu. Abin da ya sa shi kuka a zaman nan shi ne tuna cewa da bakinsa ya nuna yaron da ya amince masa, ya ce a kama.

Bayan wannan na koma na sake karanta tarihin abin da nake taƙama da shi, sai na ga darasin yana ciki tun farko, ni ne ban kula ba. A 1817 an yi sata a tashar jiragen ruwan yaƙi ta Portsmouth a Ingila da makullan jabu. Gwamnati ta sa gasa, Jeremiah Chubb ya ci ladan fam 100 da kwaɗon da ya fito da shi a 1818. Hikimar kwaɗon ita ce in wani ya yi ƙoƙarin buɗe shi da abin da ba makullinsa ba, sai ya cije, ya ƙi motsi. In mai shi ya zo ya sa makulli ya ji ya ƙi, ya san an taɓa masa ƙofa. Wato tun shekara 200 da suka wuce maƙeran nan sun fahimci cewa aikin kwaɗo bai tsaya ga hana shiga ba. Yana kuma ba da labarin abin da ya faru a bayan idon mai shi. Kwaɗon da aka fasa da guduma yana faɗa wa kowa cewa baƙo ya shiga. Wanda aka buɗe da dabara aka mayar yana faɗin cewa babu wanda ya shiga sai mai makulli, kuma mutane za su gaskata shi fiye da rantsuwar talaka. Masu binciken laifi a wasu ƙasashe suna iya warware kwaɗo su duba ƙusoshinsa da madubin ƙara girma, su ga ƙwarzanen da ƙarfen buɗewa ya bari. A layinmu babu mai yin haka. Gwanintata ce ta share sawun mai laifi, ta bar sawu ɗaya tak, wanda ya nufi ɗan garuwa.

Hatta labarin da masu wannan sha'awa suka fi alfahari da shi, in an duba, a kan izini da shaidu ya ginu. Kamfanin Joseph Bramah ya ajiye wani kwaɗo a tagar shagonsa a Landan shekaru masu yawa, da alƙawarin fam 210 ga duk wanda ya buɗe. A 1851, lokacin babban baje kolin Landan, Ba'amurke Alfred Charles Hobbs ya buɗe shi bayan aikin awa 51 a cikin kwana 16, kuma a wannan zuwan ya buɗe na Chubb ma. Amma masu kwaɗon Bramah su suka gayyaci mai iyawa, aka kuma naɗa alƙalai da za su tabbatar da abin da ya faru. Abin da ya biyo baya shi ne masu ƙera kwaɗo suka tashi tsaye suka inganta aikinsu. Shi ya sa har yau ban yarda cewa ilimin kansa sharri ne ba. Wanda ya san raunin kwaɗo shi zai iya gaya wa maƙwabcinsa kada ya rataya na ɗari biyar a ƙofar shagon da ke ɗauke da jarin miliyan. Hobbs ya yi nasa da sanin jama'a da yardar masu abu. Ni na yi nawa a gidan da babu kowa, da yardar wanda ba shi da hakkin bayarwa.

Wannan batu na hakki shi ne inda da yawanmu muke da kuskuren fahimta, kuma ni ma ina ciki. Muna ɗauka tunda gida na mai gida ne, shi ko wakilinsa suna iya shiga ɗakin ɗan haya duk lokacin da suka ga dama, balle in ana binsa bashi. Ba haka doka ta ce ba. A Abuja dokar karɓar gida daga hannun ɗan haya ta tanadi cewa, in babu wata yarjejeniya daban, mai biyan wata-wata a ba shi notis na wata ɗaya, mai biyan shekara a ba shi na wata 6, bayan nan a ƙara masa na kwana 7, sannan a tafi kotu. Kotu ce ke ba da umarnin fitar da mutum, ma'aikatanta ke zartarwa. Mai gidan da ya buɗe ɗaki da kansa ya kwashi kaya ya taka doka, ko da kuwa bashin gaskiya ne. Kundin Fenal Kod da ake aiki da shi a Abuja ya sa kutsawa gidan wani cikin laifuffuka, kuma wanda ya taimaka aka yi laifi ba ya fita. Da telan ya ƙi sulhu, da ni ma ina gaban alƙali, kuma da ban da abin cewa.

A addini ma maganar a fili take. Aya ta 27 da ta 28 cikin Suratun Nur sun yi hukunci a kan shiga gidan da ba naka ba, har da gidan da ka tarar babu kowa a ciki: sai da izini. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya suna kiran wurin da aka killace dukiya hirzi, kuma ɗakin da aka rufe da kwaɗo hirzi ne ko mai shi yana bin bashi ko ana binsa. Sun kuma ce wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba a ɗora masa biyan abin da ya salwanta sai in an tabbatar ya yi sakaci ko ya ci amana. Da unguwarmu ta yi aiki da wannan ƙa'ida ɗaya, da ba a ɗaga wa yaron nan hannu ba kafin bincike. Ba na faɗin haka don in raba laifin da kowa. Na faɗa ne domin saurin da muke yi wajen dukan wanda ake zargi, musamman in baƙo ne marar gata, shi ya mayar da gangancina bala'i a kan mutum.

Ta hanyar 'yan'uwansa 'yan garuwa muka gano yana Suleja, yana aikin buga bulo. Muka tafi ni da telan. Ya rame, kuma yatsunsa biyu na hannun hagu ba sa lanƙwasuwa sosai tun dukan da aka yi masa. Na faɗa masa komai ban rage ba, har da makonnin da na yi ina sane na yi shiru. Na roƙe shi gafara. Ya sunkuyar da kai ya daɗe, sannan ya ce, “Baba, na yafe maka, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Amma Ushafa ba zan koma ba. Waɗanda suka ga an ɗaure ni sun fi waɗanda za su ji an wanke ni yawa.” Liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a cewa yaron ba shi da laifi, aka haɗa masa kuɗi, na sa nawa a ciki, ya sayi kura tasa ta kansa a can. Kuɗin bai gyara yatsun ba. Kuma har yau in an ambaci sunansa a layinmu, akan sami wanda zai ce, “Wanne? Wanda aka taɓa kamawa?”

Ban zubar da ƙarafan ba. Suna cikin akwati tare da tsofaffin kwaɗunan da na saya da kuɗina, a kansu kaɗai nake wasa, kuma ba na koya wa kowa. Ƙofar mutum kuwa, in ba mai ɗakin ne tsaye a gabana ba kuma maƙwabta sun shaida nasa ne, ba na taɓawa. In larura ce ta gaske kuma mai ɗakin ba ya nan, kamar hayaƙi ko ruwa ko zaton akwai marar lafiya a ciki, shawarata ita ce a kira mai unguwa da maƙwabta, a fasa kwaɗon da guduma kowa yana kallo, a rubuta abin da aka tarar a ɗakin, a sa sabon kwaɗo, a damƙa makullansa duka ga mai unguwa, a kuma ajiye fasasshen har mai ɗaki ya dawo ya gani da idonsa. Asarar kwaɗo ɗaya ce, kuma babu wanda za a ƙulla wa sharri.

Kirana ga masu yankan makulli, da masu walda, da kafintoci, domin ku ake fara nema in ana son buɗe ƙofa. Wanda zai zo muku sau da yawa sananne ne, mai kamala, da hujja mai daɗin ji. Ku ce a kira mai ɗakin a waya ku ji muryarsa da kunnenku. Ku tambaya wa aka bar wa makulli. Ku ce sai mai unguwa ko wakilinsa ya tsaya, kuma sai lokacin da mutanen gidan suke nan. In mai neman aikin ya ƙi ko ɗaya daga cikin waɗannan, ku tattara kayan aikinku ku tafi.